Rumfar Noma Mai Haɗe Da Intanet: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Famfo?

A farkon watan Afrilun 2023, hukumar da ke kula da tsaron intanet a Isra'ila ta gargaɗi manoman arewacin ƙasar da su cire na'urorin ban ruwansu daga intanet na wasu 'yan kwanaki, domin lokaci ne da ƙungiyoyin masu kutse suka saba yi wa ƙasar rubdugu a kowace shekara. Da yawa sun ji gargaɗin, suka koma buɗe ruwa da rufewa da hannu. Wasu kuwa suka bar abin yadda yake. Ranar 9 ga watan, gonaki kimanin goma suka wayi gari akwatunan da ke sarrafa ruwansu sun daina aiki, fuskar akwatunan na ɗauke da saƙon cewa an yi musu kutse. Ba a tsallaka shingen kowa ba, ba a fasa kwaɗo ko ɗaya ba.

Ɓarnar ba ta yi yawa ba. An gyara akwatunan, ruwa ya dawo. Abin da ya hana labarin shuɗewa shi ne irin akwatin da aka taɓa. Ire-irensa ne ke tafiyar da famfuna da fankoki a rumfunan noma na zamani, na gilashi da na leda, da kuma gonakin cikin gini inda ake jera shuka hawa-hawa a ƙarƙashin fitila. A irin waɗannan wurare, shuka ba ta da haƙurin da take da shi a gonar fili.

Inda kwamfuta ta zama damina

Manomin rani a Kadawa ko Bakolori ya san cewa ƙasa ma'ajiya ce. Idan injin ban ruwa ya ƙi tashi yau, fangalin tumatir zai ci daga danshin jiya, ya kai gobe, wataƙila har jibi, kafin ganye ya langaɓe. Noman rumfa na zamani ya kawar da wannan ma'ajiya da gangan, domin a kawar da ita ribar take.

Ƙasar Holan ce uwa a wannan sana'a. Tana da kimanin hekta 10,000 na rumfunan gilashi, kuma cibiyarsu ita ce yankin Westland da ke tsakanin birnin Hague da tashar jiragen ruwa ta Rotterdam. Tumatir ɗin can ba ya taɓa ƙasa. Saiwarsa na cikin wani ɗan katifa mai kama da soso, wanda ake sarrafawa daga narkakken dutse, kuma ruwan da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka siririn tiyo ke ɗigo masa ruwa sau da yawa a yini, kowane ɗigo haɗe da takin da aka auna. Kwamfutar rumfa ce ke yanke shawarar yaushe za a ɗiga da kuma nawa. Ita ke ɗebo taki daga tankuna, ta zuba sinadarin asid gwargwadon da zai tsayar da tsamin ruwan tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH, wanda a nan ne saiwa ke iya shan abincinta. Ita ke buɗe tagogin rufi, ta ja labulen inuwa, ta tura ruwan zafi cikin bututai da daddare, ta saki iskar kabon da ke ƙara wa ganye ƙarfi. Kamfanoni irin su Priva da Hoogendoorn da Ridder, dukansu na Holan, sun yi suna a duniya wajen ƙera irin waɗannan kwamfutoci.

A gonakin cikin gini abin ya fi haka tsanani, domin har ranar ma ta wucin gadi ce. Gonar Bustanica da aka buɗe a Dubai a 2022, kusa da filin jirgin sama na Al Maktoum, an tsara ta ne ta riƙa fitar da sama da kilo miliyan 1 na ganye a shekara, ba ƙasa ba hasken rana, da ruwan da bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da gonar fili ke sha ba. A yawancin irin waɗannan gonaki saiwar latas na kwance ne a cikin kwararo, ruwa siriri na gudu a ƙarƙashinta. Famfo ya tsaya, saiwa ta fara bushewa cikin sa'o'i kaɗan, a wuri mai zafi ma ba ta kai hakan.

Zafi ya fi ƙishirwa saurin kisa. Rumfar gilashi da tagoginta suka ƙi buɗewa a tsakar rana tana iya haura digiri 50, kamar motar da aka bari a rana gilasanta a rufe. Tumatir kuwa tun daga digiri 32 zuwa 35 furensa ke fara zubewa ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. Ke nan wanda ya samu ikon rufe tagogi na rabin yini ya samu ikon share amfanin makonni, kuma ba ya buƙatar ashana.

Da can waɗannan kwamfutoci na zaune ne a ɗakin mai gona, ba su magana da kowa. Yanzu mai gona na son ya ga zafin rumfarsa a wayarsa yana kan hanya, mai ba shi shawara kan taki na son shiga daga wani gari, kamfanin da ya ƙera na'urar na son gyara ta daga wata ƙasa. Jami'ar Wageningen ta nuna inda aka dosa tun a 2018, lokacin da ta shirya gasar da ƙungiyoyi suka noma kokwamba a cibiyarta da ke Bleiswijk daga nesa, manhaja na yanke musu shawara. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ta zarce ƙwararrun manoman da aka sa a matsayin ma'auni. Sakamako ne da ya burge kowa, amma kowace hanya da aka buɗe domin gwani ya shiga daga nesa, hanya ce da wani ma zai iya bi.

Ƙofofin da ake bari a buɗe

Wanda ya saba ganin masu kutse a fina-finai zai zaci sai da tsananin gwaninta ake shiga irin waɗannan na'urori. Tarihin abin da ya faru ya fi haka ban kunya. Watanni bakwai bayan harin gonakin Isra'ila, ranar 25 ga Nuwamban 2023, an kutsa wata tashar tura ruwan sha a garin Aliquippa na jihar Pennsylvania a Amurka. Akwatin na kamfanin Unitronics ne na Isra'ila, irin waɗanda masana suka ce su aka taɓa a gonakin Afrilu. Hukumar CISA, wadda ke kula da tsaron muhimman kadarorin Amurka, ta bayyana cewa na'urorin da aka shiga suna buɗe ga intanet kai tsaye, kuma lambar sirrin da suke fitowa da ita daga masana'anta ita ce 1111. Hukumomin Amurka sun ɗora alhakin harin kan wata ƙungiya mai suna CyberAv3ngers, wadda suka ce tana da alaƙa da dakarun juyin juya halin Iran. Ma'aikatan Aliquippa sun kashe na'urar suka koma tura ruwa da hannu, jama'a ba su rasa ruwa ba. Akwai abin lura a nan ga duk ƙasar da ke sayo kaya daga waje: garin ba shi da hannu a rikicin Gabas ta Tsakiya, laifinsa kawai tambarin da ke jikin akwatinsa.

Wani lokacin ma ko 1111 ɗin babu. A watan Oktoban 2020, wani kamfanin tsaro na Isra'ila mai suna Security Joes ya gano sama da tsare-tsaren ban ruwa 100 masu amfani da manhajar ICC PRO suna zaune a intanet ba tare da kalmar sirri ba. Waɗanda suka kafa su ba su sauya komai daga yadda suka fito ba. Gano irin waɗannan ba wahala ba ce, domin akwai shafukan bincike irin su Shodan da aikinsu shi ne tattara jerin na'urorin da ke amsa kira a intanet, kamar yadda Google ke tattara shafuka. Mai kutse ba sai ya san sunan gonar ko ƙasar da take ba. Nau'in akwati yake nema, duk wanda ya faɗo a komarsa nasa ne.

Su ma manyan masu ƙera kayan ba su tsira daga kuskure ba. A ƙarshen 2022 an sanar da wani rauni a manhajar TopControl ta kamfanin Priva, wadda ake sarrafa gine-gine da ita: ana iya lissafo kalmar shiga daga lambar da ke jikin na'urar. Kamfanin ya fitar da gyara. Sai dai gyaran manhaja ba ya shiga da kansa a irin waɗannan na'urori, sai wani ya sa shi, kuma mai gonar da shukarsa ke tsakiyar 'ya'ya ba ya son a taɓa masa kwamfuta. Akwatin da aka kafa zai iya shekara 15 yana aiki, alhali wayar hannu ba ta cika shekara 5 ba a sauya ta ba.

Akwai kuma matsalar harshen da na'urorin ke magana da shi. Da yawa daga famfuna da ma'aunai da injinan sanyaya wuri suna amfani da tsarin Modbus, wanda aka ƙirƙira a 1979, zamanin da ba wanda ya yi tunanin baƙo zai iya kaiwa ga wayar da ke cikin masana'anta. Tsarin na asali ba ya tambayar wanda ya ba da umarni ko shi wane ne. Duk wanda ya iso layin, maganarsa doka ce. A watan Janairun 2024 aka ga abin da hakan ke nufi a birnin Lviv na Yukren, inda masu kutse suka aika umarnin Modbus ga na'urorin wani kamfanin dumama gidaje, suka bar gidajen bene sama da 600 cikin sanyin hunturu kusan kwana biyu. Tukunyar dumama da bututan ruwan zafi da ma'aunin zafi, su ne dai kayan da ke raya rumfar tumatir a Turai daga Nuwamba zuwa Maris.

Ƙofar da aka fi mantawa da ita ita ce ta mai gyara. A 2013 an sace bayanan katunan banki kimanin miliyan 40 daga rukunin shagunan Target na Amurka, kuma an shiga ne da kalmar sirrin da aka sato daga wani ɗan kwangilar da ke kula musu da na'urorin sanyaya wuri. Kamfani guda da ke kula da rumfuna ɗari yana riƙe da mabuɗai ɗari, wanda ya shiga kwamfutarsa ya huta da bin gonaki ɗaya bayan ɗaya. Haka nan ɓarawon gida. A shekarar 2000, a yankin Maroochy na jihar Queensland a Ostireliya, wani mutum da ya yi aiki da kamfanin da ya kafa na'urorin magudanar ƙazanta, ya nemi aiki a ƙaramar hukumar bai samu ba, sai ya ɗauki kwamfuta da rediyo a motarsa ya riƙa ba famfuna umarni, har ya malalar da kimanin lita 800,000 ta ƙazanta cikin koramu da wuraren shaƙatawa. An ɗaure shi shekara biyu. Ya san tsarin ne domin yana cikin waɗanda suka kafa shi.

Harin da ba ya ƙara

Kashe famfo hari ne mai hayaniya, ana gani a tashi a gyara. Wanda ya fi tayar wa masana hankali shi ne wanda ke barin komai na tafiya, ya taɓa lissafi kawai. Kwamfutar rumfa ba ta ganin ganye, abin da ma'auni ya gaya mata shi take bi. Idan aka sa ma'aunin tsami ya riƙa ƙara rabin lamba a kan gaskiya, kwamfutar da kanta za ta yi ta zuba asid tana ganin gyara take yi. Idan aka rage ruwan tsakar rana kaɗan kaɗan, bayan makonni gindin tumatir zai fara baƙi yana ruɓewa, cutar da manoma suka sani tana zuwa ne daga ƙarancin sinadarin kalsiyam da rashin daidaiton ban ruwa. Idan aka bar laima ta yi yawa da daddare, fumfuna za ta kama kara. A duk waɗannan, mai gona zai zargi iri, ya zargi mai sayar da taki, ya kori ma'aikaci, kafin zuciyarsa ta kai ga akwatin da ke manne a bango. Iskar kabon kuwa, idan ta yi yawa a rufaffen ɗaki, ba shuka kaɗai take yi wa illa ba, tana iya sumar da ma'aikacin da ke ciki.

Wani abin da ya faru a Suwizalan ya nuna yadda rashin bayanai kaɗai ke kisa, ko da injin na aiki. A ƙarshen 2023, masu garkuwa da bayanai sun kulle kwamfutar wani makiyayi a yankin Zug, wadda ke haɗe da injin tatsar shanunsa, suka nemi fansar Dala 10,000. Ya ƙi biya. Injin ya ci gaba da tatsa, don haka da fari abin ya yi kama da ƙaramar matsala. Amma bayanan lafiyar shanun da na kwanakin cikinsu sun tafi. Wata saniya mai ciki ta shiga matsala ba a gane da wuri ba, ɗan maraƙin ya mutu a ciki, ita ma uwar aka rasa ta. Mutumin da ya miƙa wa na'ura aikin lura, a hankali idonsa ke daina lura, ranar da na'urar ta yi shiru sai a tarar babu mai gani.

Masu neman fansa sun san kalandar noma. A watan Satumban 2021, daidai lokacin girbi, ƙungiyar BlackMatter ta kulle kwamfutocin New Cooperative, wata babbar ƙungiyar manoman hatsi a jihar Iowa, ta nemi Dala miliyan 5.9. A watan Afrilun 2022 hukumar FBI ta fito fili ta yi gargaɗin cewa ana iya daidaita irin waɗannan hare-hare da lokutan shuka da girbi, sa'ad da wanda aka kama ba shi da sararin jayayya. Kafin nan kamfanin nama na JBS ya biya Dala miliyan 11 a 2021, sannan a Fabrairun 2023 kamfanin Dole ya dakatar da masana'antunsa na Arewacin Amurka na ɗan lokaci, har ganyen salad ɗinsa ya yi ƙaranci a wasu shaguna. Waɗannan manya ne masu kafaɗar ɗaukar asara. Rumfar noma kuwa kullum lokacin girbinta ne, kuma ribar sana'ar siririya ce. Kamfanonin AeroFarms da AppHarvest, waɗanda aka zuba wa ɗaruruwan miliyoyin daloli, duk sun nemi kariyar kotu daga masu binsu bashi a 2023 ba tare da wani ya yi musu kutse ba. Sana'ar da kuɗin wutar lantarki kaɗai ke iya durƙusar da ita ba kasafai take ware kuɗin tsaron kwamfuta ba.

Karyewar kamfanoni na da wani gefe da ya shafi mai saye. A 2022 sojojin Rasha sun kwashe motocin noma na John Deere, na kusan Dala miliyan 5, daga wani shagon dillanci a Melitopol, aka kai wasu har Chechniya, sai aka tarar an kulle su daga nesa ba sa tashi. Duniya ta yi dariya ta tafa. Amma ikon da ya kashe tarakta a hannun ɓarawo yana nan a kan taraktar mai gaskiya, kuma ba a hannunsa yake ba. A shekarar ce kuma kamfanin Insteon mai ƙera na'urorin sarrafa fitilu da makunnan gida ya rufe rumbunsa na intanet ba sanarwa, manhajar wayar masu amfani da shi ta mutu a dare ɗaya. Rumfar da ƙwaƙwalwarta ke zaune a rumbun wani kamfani a wata nahiya tana raye ne muddin kamfanin na raye kuma ana biyansa kuɗin shekara.

Abin da ya shafi Abuja

Mafi yawan rumfunan noma a Najeriya har yanzu na leda ne da raga, da tankin ruwa a kan ƙarfe, da yaro mai buɗe famfo safe da yamma. Masu kutse ba su da abin yi da su. Amma alƙiblar a bayyane take. Tsutsar tumatir da manoman Kano ke kira Sharon ta cinye gonaki a 2016 har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci a Yulin 2023, kuma a tsakiyar 2024 babban kwandon tumatir ya haura Naira 100,000 a kasuwannin Legas. Duk lokacin da aka shiga irin wannan hali, noman rumfa na cikin magungunan da ake ambata, kuma akwai hujja, domin yana tsare shuka daga ƙwari ya ba da amfani rani da damina. Manyan rumfuna na zamani sun riga sun sauka, irin ta renon irin tumatir da kamfanin Dangote ya kafa a Kadawa da gonar Wells Hosa a Benin. Masu zuwa nan gaba, na gwamnati da na 'yan kasuwa, da wuya su zo ba kwamfuta da layin waya a jikinsu, domin haka kasuwar duniya ke sayar da su yanzu.

A nan haɗarin ya ninka na Holan ta fuska biyu. Na farko zafi: a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, iskar waje kanta ta haura digiri 40, don haka rumfar da fankokinta suka tsaya ba ta da tazarar da ta Westland ke da ita. Na biyu, ba sai an jira mai kutse ba kafin layi ya yanke. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni, daga baya matakin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka yi ta fama kwanaki. A Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda a duhu. Tsarin da ba zai iya shayar da shuka ba sai ya ji daga wata ƙasa, a irin wannan yanayi, ya zo da ajalinsa a jikinsa.

Ga kuma halin da aka saba. Injiniyan da ya kafa na'ura ya koma ƙasarsu da kalmar sirrin babban mai iko. Wadda aka bar wa ma'aikata guda ɗaya ce, kowa ya san ta, tana yawo a zauren WhatsApp. An yi wa manajan gona canjin wurin aiki, manhajar na nan a wayarsa. Kwamfutar da ke sarrafa taki ita ce akawu ke buɗe wasiƙun imel da ita. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar wata ƙasa mai gaba da Najeriya, ma'aikaci guda da aka riƙe wa albashi ya isa.

Ta fuskar doka ba a fara daga sifili ba. Manufar tsaron intanet ta ƙasa ta 2021 ta sanya abinci da noma cikin ɓangarori 13 masu muhimmanci, kuma a 2024 aka fitar da umarnin shugaban ƙasa kan kare muhimman kadarorin bayanai. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2015 a shekarar 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT, da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga kwana 7 zuwa sa'o'i 72. Sai dai wannan duk magana ce ta bayan an yi ɓarna. Ƙasashen da suka riga Najeriya shiga matsalar sun koma kan mai ƙera kaya. Tun 29 ga Afrilun 2024 Birtaniya ta haramta sayar wa jama'a na'urori masu haɗuwa da intanet da ke zuwa da kalmar sirri irin ta kowa da kowa. Tarayyar Turai ta sanya masu sarrafa abinci da rarraba shi cikin dokarta ta NIS2, sannan wata dokar da za ta fara aiki gaba ɗaya a Disamban 2027 za ta tilasta wa masu ƙera na'urori ci gaba da toshe raunin kayansu bayan sun sayar. Idan kasuwar Turai ta rufe ƙofa ga tsofaffin akwatuna, ba sai an yi duba ba kafin a san nahiyar da za a nufa da ragowar.

Najeriya ba ta ƙera waɗannan kwamfutoci, don haka ƙarfinta na wurin saye ne, wato a teburin jami'in da ke rubuta sharuɗɗan kwangila da hadimin da ke duba takarda kafin ta isa gaban mai gida. Ƙa'ida ce ma'aikatu su nemi sahalewar hukumar NITDA kafin su aiwatar da aikin fasahar sadarwa, amma rumfar noma na shigowa ne da sunan aikin gona, kwamfutar kuma layi ɗaya ce a cikin jerin kaya, tsakanin tiyo da tanki. Takardar kan faɗi kaurin leda da ƙarfin famfo dalla-dalla, ta yi shiru a kan wanda zai riƙe kalmar sirrin babban mai iko, da shekarun da kamfani zai ci gaba da aiko da gyaran manhaja, da ƙasar da bayanan gonar za su zauna. Waɗannan tambayoyi ba sa ƙara ko sisi a kan farashi idan an yi su kafin a sa hannu. Haka ma sharaɗin cewa layin na'urorin rumfa ya rabu da na ofis, kada akwati ya fuskanci intanet kai tsaye, kowane ma'aikaci ya samu kalmar shigarsa da za a soke ranar da ya bar aiki, mai gyara daga waje kuma ya shiga ne kawai sa'ad da aka buɗe masa, a rufe bayan ya fita. Bayan an biya kuɗi an yanka ƙyalle, kowanne daga cikinsu sabuwar kwangila ce.

Abin da ya ceci manoman da suka ji gargaɗi a Isra'ila, ya kuma ceci Aliquippa, shi ne akwai hanyar yin aikin da hannu kuma akwai mutanen da suka iya ta. Ana iya gwada wannan kafin a karɓi aiki. Ranar miƙa rumfa, da tsakar rana, a zare wayar intanet a tsaya a gani ko ruwa zai ci gaba da ɗiga a kan lokacinsa. Sannan a kashe kwamfutar ɗungurungum, a ce wa ma'aikacin da zai kwana a gonar, ba injiniyan kamfani ba, ya buɗe tagogi ya tayar da famfo ya haɗa taki da hannunsa. A duba ko akwai ma'aunin zafi na gilashi rataye a tsakiyar shuka wanda ba ya jin maganar kowa, da ƙararrawar da ba ta bi ta layin da ake tsoron a yanke ba, da takardar da aka rubuta adadin taki da lokutan ban ruwa aka ajiye a aljihun tebur. Idan ɗan kwangila ya ce gwajin zai iya lalata shukar, ya riga ya ba da sakamakon gwajin, kuma a lokacin kason da ake riƙewa daga kuɗinsa har wa'adin gyara ya cika yana nan a asusun gwamnati.